Buzun Bakin Ƙofa: Yadda Marubutanmu Ke Kallon Mutanen Tsallaken Iyaka

Kwanakin baya wani yaro daga cikin matasan marubutanmu ya kawo mini littafinsa wanda bai riga ya kai maɗaba'a ba, ya ce in duba masa in gyara abin da ya kamata. Labarin soyayya ne irin wanda aka saba, kuma in gaskiya za a bi yaron yana da hannu, domin Hausarsa na da daɗi, zaren labarinsa kuma bai tsinke ba. To amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne mai gadin gidan Alhajin da ke cikin labarin. Tun daga babin farko har na ƙarshe yana nan bakin ƙofa, fuska a rufe da rawani, ga butar shayi bisa gawayi, ga takobi a rataye. In ya buɗe baki sai ya karya Hausa a yi dariya, in saurayi ya zo zance sai ya zare takobi a sake yin wata dariyar. Da na tambayi marubucin ko mene ne sunan mai gadin nan, sai ya dube ni da mamaki ya ce, "Baba, ai Buzu ne."

Wannan amsar ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin kuwa ba yaron nan kaɗai ke da wannan ciwo ba. Duk wanda ya daɗe yana bin littattafanmu na zube da wasanninmu na talabijin da finafinai ya san cewa mutumin Nijar, in har ya samu shiga cikinsu, sau da yawa ta ƙofa uku yake shiga: ko dai mai gadi, ko ɗan ga-ruwa, ko kuwa baƙauyen da ya zo cin rani yana kallon dogon bene baki buɗe. Ba shi da uwa, ba shi da gari, ba ya son kowa, babu mai son shi. Aikinsa kawai ya bai wa mai karatu damar yin dariya kafin a koma kan Alhaji da 'yarsa.

Ni mutumin Araba ne, a ƙasar Illela, inda hanyar da ta taso daga Sakkwato ta biyo ta Gwadabawa take ƙarewa a shingen kwastan. Daga nan zuwa Birnin Ƙwanni tafiya ce da ɗan kabu-kabu ke yi kafin shayin da aka zuba maka ya huce. Saboda haka in na karanta irin waɗannan littattafai nakan tsaya in tambayi kaina, shin wane ne wannan mutumin Nijar ɗin da ake faɗi? A Araba dai mutumin Nijar kawun wani ne, ko surukinsa, ko mai saye masa albasa, ko malamin da ya biya masa allo. Akwai gidajen da gonarsu ke wancan ɓangare, akwai matan da in sun yi yaji sai an tsallaka wata ƙasa kafin a yi biko. Iyakar kanta ba ta daɗe ba. Turawan Ingila da na Faransa ne suka yi ta jan layi a takarda, a 1898 da 1904 da 1906, sa'an nan tsakanin 1906 da 1908 jami'ansu biyu, O'Shee da Tilho, suka bi daji suna kafa alamomi. Tsofaffinmu sukan ce wa can Faranshi, nan kuma Ingilishi, wato su sunan mai mulki suke faɗi, domin mutanen dai su ne su. Mai son ƙarin bayani ya nemi littafin William Miles na 1994, Hausaland Divided, inda ya kwatanta ƙauyukan 'Yardaje da Yekuwa da iyaka ta raba can wajen Daura.

Bari mu koma kan Buzun nan. Ba daga sama marubutanmu suka same shi ba, kuma ba zan ce ƙarya suka yi ba. Farin da aka yi a 1973 zuwa 1974, da wanda ya sake biyowa a 1984 zuwa 1985, sun kashe raƙuma da shanu da awaki a ƙasar Abzin da Adar, mutanen da ba su taɓa yi wa wani barantaka ba suka gangaro Kano da Kaduna da Sakkwato suna neman abin sawa a baki. Aikin gadi ya same su domin an san su da riƙon amana da rashin tsoro. Marubucin da ya taso a birni bayan wannan lokaci, abin da ya buɗe ido ya gani a ƙofar gidan maƙwabcinsa ke nan. Laifinsa ɗaya ne, ya tsaya inda idonsa ya tsaya. Bai taɓa zama bisa tabarmar mai gadin ya karɓi ƙaramin kofin nan ya tambaye shi raƙuma nawa ya binne kafin ya zo ba. Da ya yi haka, da wataƙila ya gane cewa labarin da ke bakin ƙofa ya fi na cikin falo nauyi.

Abin mamaki kuma shi ne Kanon da ake rubuta yawancin littattafan nan ta san Abzinawa tun kafin a san wani abu wai shi gadi. Ayarin raƙumansu ne ke kawo gishirin Bilma. Ga unguwar Agadasawa nan cikin birni, sunanta kaɗai ya isa shaida. Agalawa, fataken goron nan da suka yi suna a hanyar Gwanja, masana tarihi sun danganta asalinsu da ƙasar Abzin, kuma daga cikinsu ne Alhaji Alhassan Ɗantata ya fito. A 1916 zuwa 1917 Kawusan ya tsare Faransawa a Agadas har sai da Ingilishi suka aika musu da taimako daga Nijeriya. Mu kuwa na ƙasar Sakkwato abin ya fi zama mana abin kunya, domin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo kansa a Maratta aka haife shi a 1754, garin da a yau yake cikin Nijar, can wajen Galmi, gabas da Ƙwanni. Babban malaminsa, Malam Jibrilu ɗan Umaru, a Agadas Shehu ya bi shi neman ilmi. Haka nan a tawayen Satiru na 1906, ɗaya daga cikin manyan jagororin shi ne Ɗan Makaho, malami Bazabarme da ya gudo daga ƙasar Faranshi bayan ya yi wa Faransawa bore a can. Ga mutane cike da tarihi, amma alƙalaminmu ya zaɓi butar shayi.

Akwai kuma maganar harshe, wadda ita ta fi ci mini rai. Tun da aka ɗauki karin Kano aka yi shi Daidaitacciyar Hausa, sai wasu marubuta suka ɗauka duk wanda ya ce "munka tahi" ko "mi kaka so" baƙauye ne. In suna son nuna gidadanci sai su sa wa mutum Sakkwatanci ko Adaranci a baki, galibi ma gurguwar kwaikwaya ce, domin ba su san inda ake sa "shina" da inda ake sa "yaz zo" ba. Sun manta cewa da wannan karin aka rubuta waƙoƙin masu jihadi na Hausa, da shi Narambaɗa ya yi wa Sarkin Gobir na Isa waƙa, da shi Ɗan Anace ya wasa Shago. Wanda ya saurari Mamman Gawo Filinge ya ce bai iya Hausa ba, to kunnensa ne ke da lalura. Dangane da kalmomin aro kuwa, mukan yi dariya in mun ji ɗan Ƙwanni ya ce za shi lakwal, ko ya ce duwan sun kama masa kaya, ko ya kira malamin makaranta mushe. Na yarda wannan ta ƙarshen tana da ban dariya a kunnenmu, tun da mun san abin da mushe ke nufi. Sai dai shi ma haka yake ƙunshe dariyarsa in ya ji mun ce kwastan da fensir da ticha. Kowa bakin uban gidansa na da ya ara. Kuma kada a manta, a 2025 hukumomin Nijar sun ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, abin da mu masu yi musu dariya ba mu yi ba.

Na san abin da wasu abokaina za su ce, domin an sha faɗa mini a wajen taro. Za su ce ai wasa ne, kuma Bahaushe ya gaji barkwanci. Gaskiya ne. Bagobiri na tsokanar Bayarabe, Bafillace na tsokanar Babarbare, Bakano da Bazazzagi ba sa haɗuwa a rabu ba a taɓa juna ba, Bazabarme da Buzu haka suke a can Nijar. Al'adar ta yi ƙarfi har hukumar UNESCO ta sa wasan taubasai na Nijar cikin jerin al'adun duniya da ake tattali a 2014. To amma duk wanda ya san wannan wasa ya san ƙa'idarsa. Gaba da gaba ake yin sa, wanda ka tsokana yana da bakin ramawa nan take, kuma sau da yawa shi ke cin ka. Bayan haka akwai haƙƙi a tsakani, domin abokin wasanka ba ya ganin ka cikin wahala ya wuce. A cikin littafi fa? Marubuci ne ke riƙe da baki duka biyu. Ya ba Alhaji magana, ya ba saurayi magana, ya hana mai gadi. Wannan ba a kiransa barkwanci, zunɗe ne, kuma Bahaushe bai taɓa ɗaukar zunɗe abin yabo ba.

Abin takaici shi ne magabatanmu a wannan fage sun nuna mana hanya tun da wuri. A dubi Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin littattafan gasar nan ta Rupert East da aka buga a 1934. Littafi ne da ke magana kan cinikin bayi ta Hamada, inda da marubucin ya so, da sai ya yi wa Larabawa kuɗin goro ya ce duk azzalumai ne, babu mai ce masa don me. Bai yi haka ba. Abdulkarim Balarabe ne, kuma ɗan zamanin cinikin bayi ne, amma shi ya riƙi Umar kamar ɗan cikinsa ya sa shi a hanyar karatu. Sharrin da ya fara tarwatsa gidan su Umar kuwa daga fada ya fito, daga 'yan'uwan Makau fadawa da suka ƙulla masa makirci. Baƙo a littafin nan yana da suna, yana da hali, yana da abin da ke damunsa. Shekara tasa'in ke nan da ɗoriya, mu jikoki mun koma baya.

Don kada a ce na ɗora wa ɓangare ɗaya laifi, su ma na tsallaken ba su tsira ba. A bakin mutumin Tawa ko Yamai, ɗan Nijeriya shi ne mai hayaniya, mai son kuɗi, wanda in ka gaisa da shi sai ka ƙirga yatsunka. Ko a adabinsu akan ga irin haka. Littafin Abdoulaye Mamani, Sarraounia, wanda ya fito a 1980 da Faransanci, Med Hondo kuma ya mai da shi fim a 1986, aiki ne mai daraja, domin ya fito da Sarauniya Mangu ta Lugu wadda ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899, rundunar nan da ta yi wa Birnin Ƙwanni kisan gilla a cikin shekarar. Amma don a ɗaukaka Sarauniya da Aznanta, sai aka zana sarakunan Musulmi da malamansu, har da na Sakkwato, da fuska guda: masu ƙyamar arna, masu sanyin gwiwa a gaban Nasara. Wanda ya san yaƙin Giginya a watan Maris na 1903, da yadda Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi a Burmi cikin wannan shekarar, ba zai karɓi wannan hoto hannu biyu ba. Mamani ya fi yaronmu ƙwarewa nesa ba kusa ba, sai dai tarkon da ya kama su iri ɗaya ne.

Wani zai ce mene ne abin tayar da jijiyar wuya a kan mai gadin cikin littafin soyayya? Amsar tana nan Araba. A watan Agusta na 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ta Illela ba sai Disamba 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka sake rufewa, aka yanke wutar lantarkin da ke zuwa can, har aka yi ta maganar yaƙi, Nijeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris 2024. A waɗannan watanni mun ga motoci sun yi layi kaya na ruɓewa, mun ga masu zuwa jana'iza da biki suna bin hanyar gona kamar ɓarayi. A daidai lokacin kuma na ji masu ilmi a birni, Hausawa 'yan'uwanmu, suna cewa ai a bar su su ji a jikinsu, me suke da shi in ba mu ba? Ban ce littattafan soyayya ne suka koya musu wannan magana ba. Amma mutumin da tun yana yaro bai taɓa karanta labarin ɗan Nijar mai suna da iyali ba, abu ne mai sauƙi a wurinsa ya ji an yanke wa asibitin Ƙwanni wuta ya ci gaba da cin tuwonsa.

Na mayar wa yaron nan littafinsa ban taɓa masa soyayyarsa ba, illa dai na ja layi da jan biro a ƙarƙashin kalmar Buzu duk inda ta fito, na ce ya je ya samo masa suna da gari. Bayan mako biyu ya dawo. Ya ce ya zauna da mai gadin layinsu, ashe mutumin Abalak ne, yana da 'ya'ya mata biyu, babbar tana karatun ungozoma a Tawa, kuma duk wata sai ya aika da kuɗin makaranta ta hannun direbobin Illela. Ya sa wannan duka a babi na huɗu. Takobin dai ya ƙi cirewa, wai masu karatu na son wurin.