Lacca da Ziyarar Tarihi ta Intanet: Wanne Ya Fi Isar da Saƙo?

A watan Fabrairun 2011 kamfanin Google ya buɗe wani shafin intanet bayan ya shigar da kyamararsa ta ɗaukar hoton tituna cikin gidajen adana kayan tarihi da zane-zane guda 17, ciki har da Uffizi na Italiya da Hermitage na Rasha. Aka ce daga yanzu mutum na zaune a tsakar gidansa zai zaga ɗaki-ɗaki, ba biza, ba kuɗin jirgi. Da annobar korona ta zo a 2020, hukumar UNESCO ta ce kusan kashi 90 cikin 100 na gidajen tarihin duniya sun garƙame ƙofofinsu. Masu kula da kayan tarihi da masana taurari da malaman jami'a duk suka koma gaban kwamfuta, suna magana ta Zoom da YouTube.

Abu biyu ake haɗawa a nan, lacca da ziyara, kuma a ganina rabonsu bai zo ɗaya ba. Mun saba cewa gani ya kori ji, amma a wannan fagen ji ne ya fi cin riba.

Lacca ta shiga intanet ba tare da ta yi asarar kirki ba, domin dama can murya ce da tunani. Kwalejin Gresham ta Landan tana ba jama'a lacca kyauta tun 1597, yanzu kuma tana ɗora ta a intanet. A 1825 aka fara laccocin kimiyya na Kirsimeti domin yara a cibiyar Royal Institution, waɗanda Michael Faraday ya yi suna da su; suka hau talabijin, daga nan suka gangaro waya. Bahaushe kuwa ba baƙo ba ne a nan. Wanda ya tashi da rediyo a kunne, tun da BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, ya kuma sha sauraron tafsiri a kaset, ba sai an koya masa ɗaukar ilimi daga bakin malamin da bai taɓa gani ba.

Sai dai akwai abin da ya zube a hanya. A karatun zaure malam yana kallon fuskar almajiri, in ya ga bai gane ba ya maimaita, almajiri kuma yana iya tsayar da shi da tambaya. Bidiyo ba ya jin tambaya. Har laccar da ake yi kai tsaye, mutum ɗari ne za su rubuta tambaya, mai gabatarwa ya tsinci uku. Sannan ga salon dandalin lacca na TED, wanda ya fara sakin laccocinsa a intanet a 2006, da ƙa'idar minti 18. Taƙaitawa fasaha ce, ban musa ba. Amma masanin tarihi na gaske bakinsa cike yake da "wataƙila" da "an yi saɓani", minti 18 kuwa ba su da wurin ajiye waɗannan. Wanda ya iya ƙawata zance ya yanke hukunci shi ake tafa wa, ko da hujjarsa ba ta nuna ba.

Ziyarar ce ta fi ba ni takaici, musamman wadda ke kwaikwayon tafiya da ƙafa. Ka danna kibiya, hoto ya zabura gaba, ka sake dannawa ka tsinci kanka kana kallon bango. A fuskar waya zobe da dutsen Rosetta girmansu ɗaya. Hasumiyar masallacin Agadas ta kai kimanin mita 27, da ƙasa aka gina ta. Wanda ya tsaya a gindinta wuyansa ne zai gaya masa tsawonta, kuma sanyin ginin ƙasa a tsakar rana ba ya shiga kyamara. Ga shi kuma inda mai ɗaukar hoto ya ga dama nan kaɗai za ka leƙa.

Inda ziyarar ke da tasiri shi ne inda ta daina kwaikwayon ƙafa, ta yi abin da ƙafa ba za ta iya ba. A 2022 gidan Rijksmuseum na Amsterdam ya saki hoton wani babban zanen Rembrandt mai tsananin kaifi, har ana ganin tsagewar fenti da maziyarci ba zai hango daga bayan shinge ba. A Yuganda, ƙungiyar CyArk ta auna kaburburan sarakunan Buganda na Kasubi da na'urar leza a 2009. Shekara na zagayowa gobara ta cinye babban ginin. A Mali, shirin Mali Magic ya fitar da shafuka sama da 40,000 na rubuce-rubucen Timbuktu, waɗanda hannu ba zai yi ta juya su ba tare da sun marmashe ba.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Digital Benin, da aka buɗe a Nuwamban 2022. Kayan da sojojin Birtaniya suka kwashe daga fadar Benin a 1897 sun watsu a duniya. A lokacin buɗe shi, shafin ya tattara bayanan 5,246 daga cikinsu, daga cibiyoyi 131 a ƙasashe 20, ya haɗa da bayanan baka na mutanen Edo. Babu maziyarcin da zai iya ganinsu a tare haka, komai kuɗinsa. Amfaninsa kuma ya wuce kallo: mai neman a dawo masa da kayansa yanzu ya san me ke ina. Abin da ya kamata a sa wa ido shi ne kada hoto ya zama diyya, a ce ai ga shi kowa na gani, me kuma ake nema. Jamus dai ta miƙa wa Najeriya mallakar kaya sama da 1,100 a 2022, abin da ya nuna hoto da mayarwa suna iya tafiya tare.

Saura tambayar wa ke nunawa, wa ke kallo. A rahoton nan na 2020 UNESCO ta ce kashi 5 cikin 100 kacal na gidajen tarihin Afirka da ƙananan tsibirai ne suka iya ba da wani abu ta intanet. Ɗan Katsina zai fi saurin shiga ɗakunan Uffizi daga wayarsa da ya sami cikakken bayani kan hasumiyar Gobarau. Takardun Malam Umaru Falke na Kano suna Jami'ar Northwestern a Amurka, bayanin da ake yi a kansu kuma galibi da Turanci ne.

In za a fara daga wani wuri, ni da murya zan fara. Ziyarar zagaye tana lashe data, tana son sabis mai ƙarfi, ba ta kuma sauka a ajiye. Laccar awa guda da Hausa kan Gidan Makama ko rijiyar Kusugu, daga bakin wanda ya san abin, da hotuna goma masu kyau, za ta shiga memori a shagon masu tura waƙa, ta bi WhatsApp har ƙauyen da sabis ɗinsa sai an hau tudu.