Jagorar kula da ciwon EB: ilimin ya yi, amma an rubuta ta ne domin wani gari

Akwai wata cutar fata ta gado da likitoci ke taƙaita sunanta da EB. Fatar mai ita ba ta jure gogayya. Ɗinkin riga, majanyin goyo, ko hannun da ya ɗaga jariri ta hammata, kowanne na iya tayar da bororo kamar na ƙunar ruwan zafi. Dalilin shi ne furotin ɗin da ke manne saman fata da ƙasanta ya zo da tangarɗa tun daga ƙwayar halitta. A nau'i mafi sauƙi matsalar tana cikin keratin, a wani nau'in mai barin tabo kuma tana cikin kolajin na 7. Ba sammu ba ne, ba kuma a ɗaukarta daga wani.

Rajistar masu cutar a Amurka ta samu kusan mutum 11 cikin kowace miliyan. In ka ɗora wannan a kan jihar Kebbi, ko da ƙidayar 2006 ta mutum miliyan 3.2, lissafin zai ba ka sama da mutum 30. Nau'o'inta masu tsanani kuwa yawanci irin gadon sikila suke bi: uwa da uba lafiyarsu ƙalau amma kowanne na ɗauke da ƙwayar, sai kowane ciki ya zama yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da cutar. Inda auren zumunci ya yi yawa, haɗuwar masu ɗauke da ita ta fi sauƙi.

Takardar da aka fi dogara da ita wajen kula da ciwon ita ce jagorar ƙungiyar DEBRA ta 2017, wadda ma'aikatan jinya uku daga Landan suka rubuta: Jacqueline Denyer, Elizabeth Pillay da Jane Clapham. Ita nake so mu auna, da ma'aunin uwa ɗaya da ke zaune a Dirin Daji, ƙaramar hukumar Sakaba ta masarautar Zuru.

Bari mu fara da inda ta yi daidai. Kowa ya san shawarar da ake bayarwa kan bororon ƙuna: kar a fasa. Jagorar ta ce a EB akasin haka ake yi, kuma hujjarta tana da ƙarfi. Tunda mannin fatar ba shi da ƙwari, ruwan da ke cikin bororon yana ci gaba da ɓamɓare gefensa, ƙaramin bororo da safe ya zama faffaɗan ciwo da yamma. Don haka a huda shi da sabuwar allura ta ƙasa-ƙasa, a tsiyaye ruwan a hankali, a bar fatar saman a wurin ta zama murfi. Ta kuma hana filasta mai danƙo, domin ranar cirewa da fata zai taho. Ta ce a juya riga ɗinki ya koma waje, a ɗauki jariri da hannu ɗaya ƙarƙashin ɗuwawu, ɗaya bayan wuya. Duk waɗannan ba su buƙatar kuɗi, kuma su ne ƙashin bayan aikin.

To, ina matsalar? Kaso mai yawa na jagorar jerin kayan ɗaure ciwo ne da sunayen kamfanoninsu, irin su Mepitel da Mepilex masu laushin silikon da ba ya kama ciwo. Kayan suna da kyau, babu musu. Amma yaron da ciwo ya cinye masa baya da ƙafafu yana buƙatar canjin ɗauri kullum ko bayan kwana biyu, iya tsawon rayuwarsa. Shiga kemis ɗin ƙauye ka duba kanta: auduga, bandejin raga, filasta, aidin, sifirit. Kusan kowannensu, in aka ɗora shi kai tsaye, ɓarna yake ƙarawa. Jagorar ta ɗauka akwai ma'aikaciyar jinya da ta ƙware kan cutar, akwai mai biyan kuɗin kaya. Daga Dirin Daji kuwa, ganin likitan fata na nufin doguwar tafiya zuwa Birnin Kebbi ko asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, a yankin da 'yan bindiga suka sa tafiya ta zama abin tunani.

Na biyu, ba ta san makon farko na jaririnmu ba. A gidaje da yawa ana wa jariri wanka da ruwa mai zafi sosai, a cuɗa shi da soso, a gasa cibiya, ranar suna wanzami ya yi aski, wasu har a cire beli. Ga jaririn EB, kowane ɗaya daga cikin waɗannan rauni ne, cikin baki da maƙogwaro ma suna yin bororo. Jagorar da ba ta yi magana da ungozoma da wanzami da kaka ba, ta bar mutanen da suka fi taɓa yaron a waje. Haka zancen zafi: gumi da zafi suna ƙara bororo, kuma ɗauri mai kauri a watan Afrilu na Kebbi yana iya jawo sabon ciwo a gefen wanda ake rufewa.

Na uku, kar ka ɗauka kowane layi na jagorar ya fito daga babban gwaji. Masu cutar ba su da yawan da za a tara dubbai a gwada, shi ya sa yawancin shawarwarin gogewar ƙwararru ce. Wannan ba aibi ba ne, amma yana nufin ƙa'idar ce ta fi muhimmanci, ba sunan kamfani ba. Ƙa'idar kuwa ita ce: tsabta, laima daidai gwargwado, da abin da ba zai manne ba.

Da wannan ƙa'idar ana iya aiki a gida. A tafasa ruwa ya huce, a zuba gishiri giram 9 a lita ɗaya, wato kamar ƙaramin cokali ɗaya da rabi. Wannan ya yi daidai da gishirin jikin mutum, shi ya sa wanka da shi ba ya raɗaɗi kamar ruwa zalla. A shafe bandejin raga ko tsabtataccen farin ƙyalle da basilin mai yawa kafin ya taɓa ciwo, a naɗe da wani bandejin, filasta ya hau kan bandeji kawai. In ɗauri ya manne, a jiƙa shi har ya saki da kansa. Toka, baƙin mai da garin kafso ba su da wuri a nan.

Sai dai fa a kiyaye: ba kowane bororon jariri ne EB ba. Ƙwayoyin cuta ma suna kawo shi, kuma wannan maganin asibiti yake buƙata cikin gaggawa. A fara kai yaro likita ya duba. Bayan nan ma, zazzaɓi, mugunya, wari, ƙin shan nono ko dushewar murya alamun tafiya asibiti ne a ranar.

A watan Mayu na 2023 Amurka ta amince da Vyjuvek, maganin shafawa mai kai lafiyayyar ƙwayar kolajin na 7 cikin ciwo. Kuɗinsa ya haura dala dubu 600 a shekara. Ci gaba ne na gaske, amma abin da uwar Dirin Daji ke buƙata ya fi wannan arha nesa ba kusa ba: shafi biyu da Hausa da hotuna, ko saƙon murya a waya, da ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi da ya san kada ya manna filasta. Wannan aikin ba mutanen Landan za su yi mana shi ba. Na likitocin fata da malaman jinyarmu ne, da mu masu bincike da ke karanta jagorar da Turanci.