Ruwan Bagaja: Dariya da Abin Lura

A shekarar 1933 Hukumar Talifi da ke nan Zariya, a ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta shirya gasar ƙagaggun labarai. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda aka buga a 1934, yana cikin littattafai biyar da suka fito daga wannan gasa.

Ba na jayayya da daɗin Hausarsa, ko da gwanintar Imam wajen saka raha. Wurin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne inda Alhaji Imam, wanda ya shiga rigar malanta ba da ilmi ba, ya kara da Malam Zurƙe a gaban mutanen da ba su san karatu ba. Ya zana alama a ƙasa, Zurƙe ya karanta ta a matsayin harafi, shi kuwa ya ce siffar jinjirin wata ce. Jama'a suka ba shi gaskiya domin abin da idonsu ya sani ke nan.

A nan ne ra'ayina ya rabu biyu. Imam ya nuna yadda jahilci ke sa jama'a su bi mayaudari, wannan kuwa wa'azi ne babba. Amma mai karatun ne ya kunyata, mayaudarin ya ci riba, mu kuma aka sa mu dariya. Mu da muka tashi a Ƙofar Gayan, cikin birnin da almajirai ke yi wa tattaki domin neman ilmi, wannan dariya tana da ɗaci.

Saboda haka ina ba malaman makaranta shawara: in yara sun gama dariya, a tambaye su wane ne ya iya karatu tsakanin mutanen biyu.