Teras, Gidan Da Bai San Da Zuwan Baƙo Ba

Wata bakwai ke nan ina yawon neman gidan saye a Abuja, kuma kusan duk inda dillali ya kai ni teras ne: gidaje huɗu ko shida a jere, manne da juna, bene hawa biyu, fenti fari da ruwan toka. Na shiga na Jahi, na shiga na Wuye da Life Camp da Gaduwa, har da wasu a bayan Gwarinpa. Na goma sha ɗaya da mahaifiyata muka je, lokacin ta zo daga Zariya ganin likita. Ta tsaya a bakin ƙofa ta leƙa, ta ga ido yana tafiya tun daga ƙofar, ya ratsa falo da teburin cin abinci har cikin kicin. Sai ta juyo ta ce, "To kai, idan namiji ya yi sallama, ina zai tsaya?" Dillalin ya yi dariya. Ni kuwa shiru na yi, don abin da ke damuna ke nan tun gidan farko, na rasa yadda zan faɗe shi.

Sana'ata rubuta manhaja ce. A aikinmu, kafin ka rubuta layi ɗaya sai ka ƙaddara wanda zai yi amfani da abin. Shi ya sa za ka ga fom a intanet ya ƙi karɓar ƙ ko ɗ a sunanka: lafiyarsa ƙalau, kawai dai wanda ya gina shi bai yi tsammanin zuwanka ba. Zanen gida ma haka yake, ana iya karanta shi a gane wa aka yi wa. Na tara zanen teras da yawa a wayata, kuma kamar daga hannu ɗaya suka fito. A ƙasa falo da kicin da ƙaramin ɗakin baƙi. A hawa na ɗaya ɗakuna biyu da ɗan falon iyali. A can ƙololuwa ɗakin maigida. Sai BQ a baya, ɗaki ɗaya da ko katifa babba ba za ta zauna a ciki da daɗi ba.

Iyalin da ke cikin wannan zane miji ne da mata da yara biyu ko uku da mai aiki guda. Baƙonsu yana bugo waya kafin ya zo, ya sha lemo, ya tafi kafin magariba. Ba a yi musu haihuwa balle mata su cika gida ranar suna. Ba a yi musu rasuwa balle a shimfiɗa tabarmi ana karɓar gaisuwa kwana uku. Ba su da ƙanin uwargida da aka turo bautar ƙasa zai zauna shekara, ba su da tsohuwa mai ciwon gwiwa da matakala talatin za su tsare ta a ɗaki. Na tambayi wani dillali inda ake ɗaure ragon layya, ya nuna min wurin ajiye mota. Na tambayi inda ake shanya, ya ce hukumar rukunin ta hana a rataya kaya a baranda, yana ɓata kyan wurin.

Wannan salon gini daga Ingila ya zo mana. Bayan gobarar Landan ta 1666 aka yi ta jera gidajen bulo manne da juna, har ya zama fuskar biranensu. A can yana da hikimarsa: ƙasar sanyi ce, gidan da ke tsakiya bango biyu kawai yake nuna wa iska, maƙwabta na dama da hagu suna riƙe masa ɗumi. Ɗauko wannan ka dasa a Abuja a watan Maris. Gidan tsakiya ba shi da taga sai gaba da baya, ta bayan ma sau da yawa bangon BQ take kallo. Ɗakin maigida, wanda aka fi ƙawatawa a hoton talla, shi ne a ƙarƙashin rufi kai tsaye, ya sha rana tun safe. Na tsaya a cikin wani da ƙarfe uku na yamma babu wuta, minti biyar ban yi ba na sauko. Gidan da ba ya zaunuwa sai da na'urar sanyaya ɗaki, a garin da wutar lantarki ba ta da alƙawari, kuɗinsa bai ƙare ranar da ka biya ba.

Kada a ɗauka haɗa bango nake ƙi. Duk wanda ya taso a cikin birnin Zariya ko Kano ya san katanga ɗaya tsakanin gida biyu, ya san lungun da mutum biyu ba sa jerawa. Kuma fili a Abuja ya yi tsadar da mai albashi ba zai mallaki gida mai tsayuwa shi kaɗai a cikin gari ba. Tun da gwamnati ta taso daga Legas a 1991, masu aiki a birnin da yawa a Mararaba da Nyanya da Kubwa da Suleja suke kwana, su ƙarar da asubarsu a cunkoson hanya. Idan iyali shida za su zauna a filin da a da mutum ɗaya zai kewaye, ni ina maraba. Ta wannan fuskar teras ya fi manyan gidajen Maitama da babu kowa ciki sai maigadi.

Inda nake da ja shi ne wurin da aka ajiye sararin. Gidan Bahaushe ciki yake kallo. Ka shiga zaure, daga nan shigifa, sannan tsakar gida, kuma magina ba sa daidaita ƙofofin a layi ɗaya, don kada idon na waje ya zarce. A tsakar gidan nan ake girki da daka da wanki, a nan iska take sauka da dare. Teras ya kwashe wannan sarari gaba ɗaya ya kai ƙofar gida, ya shafe shi da siminti ya ba motoci biyu. Alhali siririn fili bai hana tsakar gida ba; tsofaffin gidajen birnin Fas na Maroko a matse suke, bene ne kuma, amma kowanne da buɗaɗɗen tsakiyarsa. Zaure kuwa bango ɗaya ne da kautar da ƙofa taku biyu. Kuɗin da ake kashewa a fitilun silin masu canza launi ya isa.

Abin mamaki, marubutan littattafanmu na waya sun fi masu zanen nan fahimtar mu. Muna yi musu dariya kan tangamemen gida mai get uku, amma duba yadda suke raba shi: sashen Hajiya daban, na Alhaji daban, na samari can kusa da get, falon baƙi da ƙofarsa ta waje. Tsohon gidan gargajiya ne suka yi wa tayil. Sun san labari ba ya tafiya idan ba a san wa ke iya shiga ina ba.

Sai maganar takarda, wadda ita ma ta koma kan zanen. A Abuja fili na gwamnatin tarayya ne, takardar mallaka ta shekara 99 ake bayarwa. A teras sau da yawa takarda ɗaya ce ta rufe filin duka, da sunan kamfanin da ya gina, kai kuma a ba ka yarjejeniyar sayarwa. Dole ka sa lauya ya bincika uwar takardar a AGIS kafin ka saki ko kobo. Bayan haka ga kuɗin hidima duk shekara, na maigadi da janareta da ruwa, ga kuma dokar cewa ba ka taɓa fuskar gini. Gidan da na taso a ciki da iyali yake girma: aka yi wa yayana aure, aka ja masa ɗaki biyu a gefe. Teras ranar da aka miƙa maka makulli ya gama girma.

Yanzu dai guda ɗaya nake juyawa a rai, na ƙarshen layi a Gaduwa, mai tagogi ta gefe uku. Ɗakin baƙinsa na ƙasa yana da taga mai kallon waje, kuma wani magini ya ce min aikin kwana biyu ne a mai da ita ƙofa, ɗakin ya zama zaure. Na rubuta wa hukumar rukunin ina neman izini, mako uku ba amsa. Ko sun yarda ma da sauran magana, don shi kaɗai ne ɗakin da Hajiya za ta iya kwana ba tare da ta hau bene ba. Da na faɗa mata a waya sai ta ce in bar wa baƙi, ita falo ya ishe ta. Matata ta ce sam ba za a yi haka a gidanta ba.