Tafiyar Ikko: Kafin a Biya, a Yi Tambaya

Makon jiya aka yi ta yaɗa wani bidiyo a WhatsApp ɗin unguwarmu, na tallar tafiyar buɗe ido zuwa Legas a hutun ƙarshen shekara. Yaranmu, musamman masu karatu a jami'ar FUT, har sun fara matsa wa iyaye lamba. Na zauna na kalle shi sau uku, kuma ina da magana.

Gaskiya an iya ɗaukar hoto. An nuna gadar igiyar nan ta gandun dajin Lekki, mai tsawon mita 401, ga birai suna tsalle a kan bishiyoyi. Wannan kam ya cancanci a je a gani.

Amma jama'a, rabin bidiyon hoton bakin tekun Landmark ne, wanda aka rushe babban ɓangarensa a watan Afrilun 2024 don gina titin Legas zuwa Kalaba. To tsohon hoto za a sayar mana? In ba a gaya mana gaskiya a kan wannan ba, ina ga kuɗin masauki da na shiga wurare, waɗanda ba a ambata ba sam?

Na biyu, an nuna samari suna ta shiga ruwa, ko kalmar gargaɗi babu. Yaron da iyakar saninsa kogin Chanchaga ne ko dam ɗin Tagwai, me ya sani game da tekun Atlantika? Igiyarsa takan ja mutum ciki ko da ya iya iyo. Wa zai tsaya a kan yaran nan?

Abin da ya fi ba ni haushi, babu mu a cikin wannan Ikkon da aka nuna. Ba Obalende, inda sojojin Hausawa suka zauna, na rundunar da Baturen nan Glover ya kafa a 1863, wadda ita ce tushen sojan Najeriya. Ba Agege, inda kakanninmu suka yi fataucin goro suna ɗora shi a jirgin ƙasan da ke ratsa Minna zuwa Kano. Ba Badagry, mai tsohon benen 1845 da hanyar da aka bi da bayi zuwa bakin jirgi. Yaro zai dawo da hotuna cike da waya, kansa fayau.

Ban ce kar a je ba, tafiya mabuɗin ilimi ce. Sai dai kafin kowa ya biya ko sisi, a ba mu tsarin a rubuce: ina za a kwana, wane babba ne zai raka 'yan mata, nawa ne jimillar kuɗin. Kuma a sa Agege da Badagry a ciki. In sun ƙi, Malam, riƙe kuɗinka.