Baba ta Karo da 'Ya'yan Riƙo

Daga cikin littattafan da Turawa suka wallafa a kan Hausawa, akwai ɗaya da ya kamata mutanen Gwarzo da Kabo su sani, domin mai maganar cikinsa maƙwabciyarmu ce. Sunansa Baba of Karo, watau labarin Baba mutuniyar Karo, wani ƙauye kusa da Zarewa, can wajen Karaye. An haife ta wajen 1877. Wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da ita a Giwa ta ƙasar Zazzau cikin 1949 da 1950, tana rubuta abin da ta faɗa, sa'an nan ta juya shi da Ingilishi. Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954.

Baba ta yi aure sau huɗu, Allah bai nufe ta da haihuwa ba. To, wanda ya buɗe littafin yana jiran kukan juya, ba zai same shi ba. Tsohuwa zai tarar mai sakin fuska, tana bayanin wankan jego da suna da yaye dalla-dalla, gama ta raini 'ya'yan dangi. Al'ada ce ta buɗe mata wannan ƙofa: iyaye kan ji kunyar ɗan fari, in an yaye yaro sai kaka ko goggo ta ɗauke shi. Nan littafin ya fi armashi, don Baba ba ta yi wa kowa wa'azin haƙuri ba, ta dai faɗi yadda aka yi. Ni kam na so a ce an ƙara tonon abin da ke ranta.

Amma fa akwai gyara. Kalmar da Ingilishi ke fassara riƙo da ita tana iya ɓad da mai karatu. A Ingila, tun dokar 1926, kotu ke mai da yaro ɗan wanda ya ɗauke shi. Mu kuwa aya ta 5 cikin Suratul Ahzab ta umarta a kira yaro da sunan ubansa. Saboda haka Bature zai zaci Baba ta sami 'ya'ya nata na kanta, alhali kuwa ta ci da su, ta tufasar da su, tana sane sarai na wasu ne, ba za su ma gaje ta ba, sai dai in ta yi musu wasiyya, wadda ba ta wuce sulusin dukiya.