Ina miliyan 108 ɗin suka shiga? Suka kan tallar megafiksel

Shiga shagon waya a kusa da garejin Television, kudancin Kaduna, ka ce kana son fara ɗaukar hoton biki. Kafin ka rufe baki za ka ji: "Oga, ga mai megafiksel 108, ba ta da ta biyu." Ka biya, ka je biki da rana tsaka, ka dawo da hotuna: farar shaddar ango na ƙyalli, fuskarsa kuwa duhu ɗulum. To wa ya yi laifi? Mu dai mun ce tallar ce, don ta koya wa sabon shiga ƙirga lamba maimakon duba haske.

A bayan idon kyamara akwai ɗan allo mai karɓar haske, an yanka shi gida-gida. Kowane gida shi ne fiksel. Ɗauke su kamar kofuna da aka jera a ruwan sama. Allon waya bai fi farce ba, don haka in ka yanka shi miliyan 108, kowane kofi ya zama mitsitsi, ɗigon da zai tara kaɗan ne. Shi ya sa wayar da kanta take haɗa gida tara ya zama ɗaya, ta ba ka hoto mai miliyan 12. Mai 48 ma huɗu-huɗu take haɗawa, 12 ɗin dai. Hoton da za a wanke mai inci 4 da 6 kuwa, a ɗigo 300 kowane inci, 1,200 sau 1,800 ne: miliyan 2 da 'yan kai.

Fuskar ango fa? Kyamara na auna hasken wurin gaba ɗaya, ta ja shi zuwa matsakaici, kamar ruwan toka mai maido da kusan kashi 18 cikin ɗari na haske. In farar riga ta cika hoto, sai ta rage haske don rigar, baƙar fata ta nutse. Matsalar tsohuwa ce: tun shekarun 1950 katin da Kodak ke ba masu wanke hoto don daidaita launi, hoton baturiya ne. Sai a 2021 Google ta fito da Real Tone a wayar Pixel 6 don gyara wannan, Tecno ma ta daɗe tana tallar kyamarar da aka saita wa fatarmu. Amma wasu masu hoto sun ɗauki muguwar hanya: su danna maɓallin kwalliya har amarya ta yi fari fat, uwarta ma ta kasa gane ta. Wannan ba gyara ba ne, ɓata tarihin iyali ne.

A yi adalci: yawan fiksel na da rana. In haske ya wadata kuma kana son yanko wani ɓangare na hoton, zai taimaka. Sai dai ba nan sabon shiga ke faɗuwa ba.

Abin da zai fisshe ka kyauta ne. A Kaduna rana kan tsaya kusan bisa kai da tsakar rana, ta zuba inuwa cikin idanu. Kai mutane ƙarƙashin rumfa, ko ka jira bayan la'asar. Taɓa fuskar mutum a allo kafin ka danna, don a auna haske da ita. Goge idon kyamara, musamman da hunturu. Matsa kusa da ƙafarka, kar ka janyo hoto da yatsu. In za ka tura ta WhatsApp, zaɓi HD don a rage matse shi, ko ka aika a matsayin fayil, don kar a matse shi.

Gobe in an ce maka 108, tambayi girman allon, sannan ka gwada ta a fuskar mai shagon.